Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Al'ummarmu a Jihar Washinton Kan Kuɗin Lasisin Kamun Kifi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga iyayenmu dattawa, da limamanmu, da shugabannin ƙungiyoyin Hausawa mazauna jihar Washinton ta ƙasar Amurka, tun daga Seattle da Tacoma har zuwa Spokane. Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali, ina neman ku ba ni aron kunnuwanku a kan wata magana da za a iya ɗauka ƙarama ce, amma ni ta hana ni sakat tun ranar da na ji ta.

A wajen wata walimar suna ne a Kent. An gama cin abinci, ana shan shayi, hira ta gangaro kan tsadar rayuwa, daga kuɗin haya zuwa na mai, har aka iso kan lasisin kamun kifi da aka ƙara wa kuɗi. Sai wani matashi daga cikin yaranmu, wanda na san ba ya fashin zuwa bakin ruwa duk Asabar, ya ce shi kam ya daina saye. Ya ce ruwa na Allah ne, kifi na Allah ne, kuma shekara uku yana jefa ƙugiya ba wanda ya taɓa ce masa ya nuna takarda. Aka yi dariya. Wasu suka ce ai gaskiyarsa ce. Akwai manya a wurin, ba wanda ya tanka, ni ma ban tanka ba, domin ba wurin gardama ba ne, ga kuma mai jego da baƙinta. Shirun nan da muka yi shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni ɗan Yauri ne, a gidan masunta aka haife ni. Tun ban kai in iya tuƙa kwale-kwale ba nake riƙe wa mahaifina bakin koma yana ɗinke inda giwan ruwa ya yaga. Na taso na ga ruwan da ake hana taɓawa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma na ga abin da taru mai ƙananan idanu ya yi wa tafkin Kainji lokacin da kowa ya ce ai ruwa na Allah ne: ya kwashe uwa, ya kwashe 'ya'ya, ya kwashe har waɗanda ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Saboda haka in na ji an ce kifi ba shi da mai shi, na san inda maganar take ƙarewa. Malamanmu sun fi ni sanin hadisin da ya ce mutane suna tarayya a cikin abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Iyakar fahimtata, abin da aka yi tarayya a cin moriyarsa, akwai tarayya a kula da shi. Dokar ƙasar nan ma kusan a kan wannan turbar take, domin tun 1842 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ruwayen da ake bi da jirgi da abin da ke cikinsu amana ce a hannun jiha, tana riƙe wa jama'a duka.

Ba zan ce ƙarin bai yi zafi ba. Daga ranar 1 ga Yuli, 2025, kuɗin lasisin kamun kifi da na farauta a jihar nan ya tashi da kashi 38 cikin 100, bayan majalisar dokoki da ke Olympia, babban birnin jihar, ta zartar, Gwamna Bob Ferguson ya sa hannu. Lasisin ruwan daɗi na shekara, wanda ɗan jiha ke saye kusan dala 30, ya koma kusan dala 40. Wanda ya haɗa ruwan daɗi da na teku da su kaguwa, da yake dala 55 da 'yan kai, ya haura dala 70. Wata uku bayan haka, takardar ajiye mota a gandayen jiha da suke kira Discover Pass ita ma ta tashi daga dala 30 zuwa 45. Ga wanda ke da jirgin ruwa na dala dubu 40 a bayan mota, wannan ba komai ba ne. Ga magidancin da ke aikin ɗaukar kaya a sito, mai 'ya'ya huɗu, wanda ke zuwa bakin gada ya kamo abin da za a sa a miya, kuɗi ne.

Na gani da idona. Na raka wani ƙanena da bai daɗe da zuwa ba wani kantin kayan kamun kifi. Ya zaɓi sandar fatsa mai araha, da ƙwaryar ƙugiyoyi, da dalma, da ɗan gwangwanin tana. Muka iso wajen biya, yarinyar kantin ta buga masa kuɗin lasisi a na'ura ta juyo masa da fuskar ya gani. Ya tsaya yana kallon lambar, na ga leɓensa yana motsi, na san naira yake juya ta. Sai ya ɗauki sandar a hankali ya mayar inda ya ɗauko, ya ce mini, "Yaya, mu bari sai wani watan." Na biya masa, amma ba kowa ke da yayan da zai biya masa ba. Wannan yaron shi ne nake tunawa duk lokacin da aka ce ai dala goma ce kawai aka ƙara.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalilin da ya sa ƙarin ya zo da nauyi haka shi ne rabon da a taɓa kuɗin tun 2011. Shekara 14 ke nan. A jihohi da yawa hukumar kifi da namun daji ba ta da ikon ƙara ko sisi da kanta, sai 'yan majalisa sun kaɗa ƙuri'a, kuma ba ɗan majalisar da ke son a tuna masa ranar zaɓe cewa shi ya tsadantar da kamun kifi. Sai a yi ta ɗagewa. A cikin waɗannan shekarun abincin da ake ba 'ya'yan kifi ya tashi, man mota ya tashi, albashi ya tashi, bututun ruwan wuraren ƙyanƙyasa ya tsufa yana yoyo. Ranar da tura ta kai bango, sai a ɗora wa mutane bashin shekara 14 a rana guda. Ba mu kaɗai ba ne. Pennsylvania ta yi tun 2005 ba ta ƙara ba sai a 2023, kuma sai da majalisarsu ta ba hukumar ikon tsayar da farashi da kanta a 2020. Wisconsin ta bar lasisin ɗan jiha a kan dala 20 tun 2005, asusun kifi da namun dajinsu ya yi ta ramewa. Kalifoniya ta bi wata hanyar, ta ɗaure kuɗin da hauhawar farashi yana ɗan motsawa duk shekara, har ya wuce dala 60.

Abin da na fi son ku taimaka ku isar wa yaranmu shi ne inda kuɗin nan yake tafiya, domin yawancinmu mun zo da tunanin gida, inda in ka biya kuɗin rasit ba ka sake jin ɗuriyarsa. A nan akwai dokar da ta ɗaure kuɗin lasisi da igiya, kuma tarihinta ya cancanci a sani.

A farkon ƙarni na 20 namun dajin Amurka sun kusa ƙarewa. Ɓaunar ƙasar, wadda a da ake ƙirga ta da miliyoyi, ta koma 'yan ɗaruruwa. Wata irin kurciya da garkenta ke rufe rana in ya taso, ta ƙarshe a duniya ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1914. Barewa da talotalon daji sun ɓace a jihohi da dama. A wannan halin ne, a 1937, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da ake kira da sunan mutum biyun da suka kawo ta, Sanata Key Pittman na Nevada da ɗan majalisa Willis Robertson na Virginia. Dokar ta ɗauki harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai ta ce a raba wa jihohi don farfaɗo da namun daji. Yau harajin kashi 11 cikin 100 ne a kan doguwar bindiga da harsashi da kayan baka da kibiya, kashi 10 a kan ƙaramar bindiga. A 1950 aka yi wa kifi irinta, dokar John Dingell na Michigan da Edwin Johnson na Colorado, wadda ta sa kashi 10 cikin 100 a kan sandar fatsa da abin naɗe zare da ƙugiya da sauran tarkacen masu kamun kifi. A 1984 aka faɗaɗa ta, aka haɗa da wani kaso na harajin man da jiragen ruwa masu inji ke sha. Masu ƙera kayan da masu shigo da su ne ke biya, su zuba a cikin farashi, shi ya sa ba ka ganinsa a rasit. Ƙanen nan nawa, ranar da ya sayi sandarsa, ya biya wannan harajin bai sani ba. A 2023 abin da aka raba wa jihohi daga waɗannan asusu biyu ya kai wajen dala biliyan 1.6.

To ga igiyar. Dokokin biyu sun gindaya sharaɗi: duk jihar da ke son ta karɓi kasonta, dole ta kafa doka cewa kuɗin lasisi ba zai tafi ko'ina ba sai aikin hukumar kifi da namun daji. Gwamna ba zai ɗebe shi ya yi titi ba, majalisa ba za ta cike giɓin albashin wata ma'aikata da shi ba. Jihar da ta karkatar, sai a rufe mata famfon tarayya har ta mayar. Wannan sharaɗin ya fi shekara 80 yana tsare kuɗin masunta da mafarauta daga hannun 'yan siyasa.

Sai kuma yadda ake rabon, wanda shi ne ya fi shafar yaron nan na wajen walima. A kuɗin kifi, kashi 40 cikin 100 ana raba shi ne bisa faɗin ƙasa da ruwan jiha, kashi 60 kuma bisa yawan mutanen da suka sayi lasisi. Ƙirga kawuna ake yi. Bayan haka, gwamnatin tarayya ba ta biyan aiki gaba ɗaya: tana ɗaukar har kashi 75, jiha ta kawo 25, kuma mafi yawan lokaci daga kuɗin lasisi jihar ke fitar da nata. Wato dala ɗayan da ka biya tana iya janyo uku. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya je ruwa ba lasisi ya hana jihar kuɗinsa, ya hana ta kansa a ƙidaya, kuma harajin da ya riga ya biya a kan sandarsa da ƙugiyarsa ya tafi an raba wa jihohin da mutanensu suka yi rajista.

Kifin da yake kamawa ma, sau da yawa, ba haka nan ya tsiro a tafkin ba. Wata safiya a watan Afrilu na kai 'yata wani ƙaramin tafki kusa da gida. Muna zaune sai ga wata babbar mota mai tanki ta yi baya-baya har bakin ruwa. Direban ya sauko da dogayen takalman roba, ya jona wani ƙaton bututu, ya buɗe. Ruwa ya ɓarko, a cikinsa kifin nan na ruwan sanyi da suke kira trout, ɗaruruwa, kowanne ya kai tsawon tafin hannu da rabi, suna walƙiya suna faɗawa tafkin. Yarinyar ta riƙe rigata ta ce, "Baba, wa ya ba su?" Na ce mata mu ne. An yi fiye da shekara ana ciyar da su a wurin ƙyanƙyasa kafin a kawo su. Hukumar jihar nan tana da gomman irin waɗannan wuraren, tana kula da ƙasa sama da eka miliyan 1, da ɗaruruwan mashigai inda ake sauke jirgi ko a tsaya a yi fatsa. Gangaren simintin da muke tsayawa a kai, da makewayin da ke gefensa, da jami'in da ke hana wani ya zo da dare ya shimfiɗa raga ya kwashe tafkin, duk akwai kuɗin lasisi a cikinsu.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu baƙi musamman, wanda ba na son in tsallake. Kamun kifi ba lasisi laifi ne da ake cin tara a kansa, kuma in an kama mutum da kifi a hannu maganar tana iya kaiwa gaban alƙali. Mutumin da ke jiran takardar zama ko ta zama ɗan ƙasa, me zai kai shi ya sa sunansa a kundin kotu saboda dala 40? Shekara uku ba a tambaye ka ba, ba ta hana a tambaye ka gobe.

Duk wannan bai sa na ce tsarin daidai yake ba, kuma a nan ne nake neman ku da babbar murya. An gina shi a zamanin da aikin hukumar shi ne ta samar wa mafarauci barewa, ta samar wa mai fatsa kifi. Yau an ɗora mata duk wani mai rai da ke cikin jihar. Kyarkeci ya dawo jihar nan tun 2008, ita ce ke shiga tsakaninsa da makiyayan shanu a gabas. Manyan kifayen nan masu baƙi da fari na tekun Puget Sound, da ake kira orka, waɗanda aka sa a jerin masu fuskantar ƙarewa a 2005, suna nan ba su wuce saba'in da 'yan kai ba, kuma abincinsu kifin salmon ne, hukumar ake tambaya. Wata koriyar kaguwa 'yar Turai ta mamaye gaɓar teku har Gwamna Jay Inslee ya ayyana dokar ta-ɓaci a kanta a Janairun 2022. A 2023 aka ga wata irin ƙumba mai toshe bututu a kogin Snake a jihar Idaho, maƙwabciyarmu, dole a tsaya a kan hanyoyi ana duba jiragen da ake jawowa. A 2024 cutar ƙwaƙwalwar barewa ta ɓulla a yankin Spokane. Ga kunkuru, ga jemage, ga malam-buɗe-littafi, ga tsuntsayen da ba mai farautarsu. A faɗin Amurka, jihohi sun lissafa nau'in halittu sama da 12,000 da ke buƙatar kulawa ta gaggawa, mafi yawansu ba a kama su ba a ci.

Wa ke cin moriyar wannan aikin? Kowa. Ƙidayar da gwamnatin tarayya ta yi a 2016 ta nuna masu kamun kifi wajen miliyan 36, mafarauta miliyan 11.5, alhali a 1991 mafarautan sun haura miliyan 14. Masu fita kallon tsuntsaye da namun daji kuwa, ko masu ciyar da su a bayan gida, miliyan 86 ne. Mai fatsa ya biya lasisi, ya biya haraji a kan sandarsa. Mai tabarau na hangen nesa da kyamara da jakar goyo da tanti bai biya irin wannan harajin a kan ko ɗaya ba. A shekarun 1990 an yi yunƙurin sa ɗan ƙaramin haraji a kan waɗannan kayan, kamfanonin da ke sayar da su suka yi tsaye, maganar ta mutu. A Yunin 2022 majalisar wakilan Amurka ta zartar da wani ƙudiri da zai riƙa ba jihohi kusan dala biliyan 1.3 duk shekara don waɗannan halittun da ba su da mai biya musu, ya je majalisar dattawa ya maƙale a kan inda za a samo kuɗin. Gaskiya ne jihar Washinton tana ba hukumarta wani kaso daga babban asusun gwamnati, abin da hukumar kifi ta Pennsylvania ba ta samu. Amma wannan kason yana bin lafiyar kasafin kuɗi ne. Shekarar da aka samu giɓi, kamar 2025, makarantu da asibitoci ne a gaba, kuma ba mai cewa kada su kasance a gaba. Sai a waiwayo kan wanda ya saba biya.

Haɗarin da nake hangowa shi ne, duk lokacin da aka ƙara kuɗi, wanda ke fara janyewa shi ne mai ƙaramin ƙarfi da sabon shiga. In sun janye, kawunan da ake ƙirgawa sun ragu, kuɗin tarayya ya ragu, sai a sake ƙarawa a kan waɗanda suka rage. A ƙarshe bakin ruwa ya zama na masu hali. Duk wanda ya taɓa zuwa gadojin bakin teku na Seattle da daddare a lokacin sanyi ya ga su waye ke tsaye a ƙarƙashin fitila suna kamun kifin nan mai tawada da suke kira squid: 'yan Filifin ne, da 'yan Biyetnam, da 'yan Meksiko, da mu. Bokiti ne a gefen kowa, abincin gida ake nema.

Akwai jihar da ta warware wannan tun tuni. A 1976 mutanen Missouri suka kaɗa ƙuri'a suka sa a tsarin mulkin jiharsu cewa za a ƙara kashi ɗaya cikin takwas na kashi 1 cikin 100 a harajin sayayya, a ba hukumar kula da daji da kifi. Lissafinsa mai sauƙi ne: in ka yi sayayyar dala 800, ka ba da dala 1. Wannan ɗan abin yana tara sama da dala miliyan 100 a shekara, shi ne fiye da rabin kuɗin hukumar. Shi ya sa lasisin kamun kifi na ɗan Missouri ya daɗe a kan dala 12, da aka tashi ƙarawa a 2024 dala ɗaya aka ɗora. Arkansas ta bi sahu a 1996. Minnesota ta yi nata a 2008, kashi uku cikin takwas na kashi 1 cikin 100 har shekara 25, ana raba shi tsakanin daji da tsabtar ruwa da wuraren shaƙatawa da al'adu. Iowa kuwa ta kafa asusun a 2010 da ƙuri'ar jama'a, amma aka ɗaure shi da sharaɗin sai ranar da majalisa ta ƙara harajin sayayya, aka bar shi shekara da shekaru ba ko kwabo a ciki.

Na san za a ce mini jihar nan ba ta karɓar haraji a kan albashi, harajin sayayya ne ke ɗauke da ita, kuma ya riga ya fi danne talaka. Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma ku gwada: magidancin da ke kashe dala 8,000 a shekara a kan kayan da ake sa wa haraji, dala 10 zai bayar a irin tsarin Missouri, daidai da abin da aka ƙara masa a lasisin ruwan daɗi kaɗai, kuma a wannan karon mutum miliyan 8 na jihar ne za su ɗauki kayan tare da shi. In ma ba a so a taɓa harajin, akwai wasu ƙofofin. Virginia tana ware wa hukumarta wani kaso daga harajin da ta riga take karɓa a kan kayan fita daji. Ni ban ɗaure kaina a kan hanya ɗaya ba. Abin da na tsaya a kai shi ne nauyin da ke kan kowa kada a bar shi a wuyan mai ƙugiya.

Ranku ya daɗe, ga roƙona. Ku yi wa jama'a magana, a masallaci bayan sallar Juma'a da wuraren taronmu, cewa duk mai zuwa ruwa ya sayi lasisi, ya karanta ƙa'idar ruwan da zai je, ya cike katin da ake rubuta abin da aka kama in salmon ko kaguwa ya je nema, ya mayar da shi a kan lokaci. In maganar ta fito daga bakinku za ta shiga inda tawa ba za ta shiga ba. Asusun taimakon juna da muke tarawa don rasuwa da rashin lafiya, ina ganin ba zai gagara ba a ware ɗan wani abu a saya wa sababbin zuwa lasisin shekararsu ta farko, ko mu masu zuwa ruwan mu yi karo-karo a tsakaninmu, ni zan fara.

Sannan mu je Olympia. Majalisa tana buɗe zama ranar Litinin ta biyu a watan Janairu, kwana 105 a shekarar kasafi, kwana 60 a mai bi mata. Jihar tana da mazaɓu 49, kowace da sanata ɗaya da wakilai biyu, kuma duk mazaunin mazaɓa yana da damar rubuta musu ko ya nemi ganinsu, ko yana da ƙuri'a ko ba shi da ita. Ana ba da bahasi a gaban kwamiti ta bidiyo daga gida, minti ɗaya ko biyu ne. Hukumar kanta tana da majalisar mutum tara da gwamna ke naɗawa, suna zama a bainar jama'a suna sauraron kowa. Na taɓa shiga irin wannan zaman ta intanet. Masu jiragen haya sun yi magana, ƙungiyoyin mafarauta sun yi, masu kare kyarkeci sun yi. Ban ji muryar ko mutum ɗaya daga masu tsayuwa a kan gada da bokiti ba. Wanda bai zo ba, a kansa ake yin kasafi.

In mun je, mu ce a daina barin kuɗin lasisi ya kwanta shekara 14 sannan a tashe shi da duka, a riƙa ɗan motsa shi kaɗan-kaɗan yadda mutum zai iya shiryawa. Mu ce a yi rangwame na musamman ga magidancin da samunsa bai kai ba, kamar yadda ake yi wa tsofaffi da naƙasassu da tsofaffin sojoji, domin jihar ta riga ta san su waye ke karɓar tallafin abinci, ba sai an ƙirƙiro wani sabon ofishi ba. Kuma mu ce a samar wa hukumar wata tsayayyar hanyar kuɗi daga jama'a duka don aikin da ya shafi jama'a duka. Wannan ta ƙarshen ita ce mai wuya, ba za ta samu a zama ɗaya ba, kuma ba mu kaɗai za mu iya ba. Shi ya sa nake ganin ku nemi shugabannin 'yan Somaliya da 'yan Habasha da 'yan Gambiya da 'yan Biyetnam, waɗanda kuka riga kuka saba zama da su a kan maganar makarantu da gidaje, a shiga tare.

Ni ba ni da muƙami a kowace ƙungiya, direba ne, amma na karanta ƙa'idojin nan shekara da shekaru kuma zan iya fassara su da Hausa ga duk mai so. Shekarar lasisi tana farawa ranar 1 ga Afrilu, ana buɗe ƙananan tafkuna ranar Asabar ta huɗu a watan. In kun amince, ku ba ni rabin sa'a a taron wata-wata kafin lokacin, in zo da kwamfuta mu cike wa mutane takardunsu a nan take. Ina da sandunan fatsa guda biyar da ba na amfani da su, zan kawo wa yara. Yaron nan na wajen walima ma na kira shi mun yi magana, ya ce zai zo.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da mu.

Wassalam.

Naku,
Ɗanku, ɗan masuntan Yauri mazaunin Kent.